Koyar da yaran Tudun Jukun goge da bayolin: inda muka kwana

Alhamis, 7 ga Nuwamba 2024

Yau muka fara, Alhamdulillah. Yara 14 suka zo, maza 9 mata 5, ƙaraminsu shekara 7 babbansu 13, duk 'yan nan Tudun Jukun ne a Zariya banda biyu da suka tako daga Tudun Wada. Zauren wani dattijo maƙwabcinmu muke zama, ya bamu aro kyauta da sharaɗin mu tashi kafin kiran magariba kuma mu share in mun gama. Alhamis da Juma'a bayan la'asar muka zaɓa saboda sune ranakun da ba makarantar allo, bana son ko uba ɗaya yace mun janye masa yaro daga karatu.

Kayan dake hannunmu basu da yawa. Bayolin biyu, wato gogen Bature, ɗaya cikakke na abokina ne na Wusasa wanda ya koya a ƙungiyar mawaƙan cocinsu tun yana yaro, ɗayan kuma mai girman 1/2, wato na yara, na hannu ne na saya a Kaduna naira 48,000 da jakarsa da izgarsa, wato sandar da ake goga masa. Sai goge ɗaya da muka aro. Ni malamin firamare ne, jita na iya da ɗan bayolin kaɗan, don haka abokin nawa ne babban malami, ni nawa tara yara da magana da iyaye da riƙe lissafi.

Abin da nake so a ƙarshe ba taron yara 50 suna bin hannun mutum ɗaya bane. Ina son yara huɗu su zauna suna kallon juna, kowa da nasa layin, ba mai ganga ba mai tsayawa a gabansu da sanda, su tashi tare su sauka tare. A ƙasashen Turai irin wannan zama na mutum huɗu bayolin biyu ne da biyola, wadda ta ɗan fi bayolin girma, da babban nan da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi, selo. Mu bamu da biyola balle selo, abin da Allah ya hore zamu haɗa.

Kashe kuɗin yau: tabarma biyu 7,000, ruwan leda jaka ɗaya 500.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Tafi da waƙa kawai, ba wanda ya taɓa kaya sai dai kallo. Yara 16, biyu sun ƙaru.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Matsalar yara 16 da kaya uku ita ce mutum 13 suna zaune suna jira, kuma yaron da ke jira shi ke tsokana. Sai abokina ya kawo dabarar da masu bin tsarin Suzuki na Japan ke yi wa ƙananan yara, a ɗauko kwali a manna masa rula a naɗe da takarda ya zama kamar bayolin, yaro ya koyi ɗora shi a kafaɗa da tsayuwa da juya kai tun kafin ya riƙe na gaske. Kwalin sabulu muka roƙo a shagon unguwa, izga kuma karan dawa. Ai kuwa sun yi murna, wata har ta zana wa nata fure da biro.

Ni kuma nace tunda hannu ya fara aiki bari mu haɗa kuntigi, don shi kam ba kwaikwayo bane, da gwangwanin kifi ake yinsa tun asali, a rufe da fata a soka sanda a ɗaura tsirkiya ɗaya. Gwangwani shida muka samu, fatar ɗan akuya wajen dukawa a cikin birni 3,500, zaren kamun kifi 1,200. Huɗu sun yi sauti, biyu fatar ta saki saboda an jiƙa ta da yawa. Yanzu dai kowane lokaci yara bakwai na da abin da yake ƙara a hannunsu.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Riƙon izga. Babban yatsa a lanƙwashe, ƙaramin yatsa a tsaye a bisa sanda. Duk suna damƙewa da ƙarfi, za a daɗe a nan.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Yau ranar bata min daɗi ba. Yara 10 kawai suka zo, da na bi sawu sai na tarar an hana biyar, ɗaya kuma zazzaɓi ne. Magana ta zaga unguwa cewa wai muna koya wa yara kiɗan bori, wani ma cewa yayi mun kawo kayan coci. Na san daga ina abin ya taso kuma bana ganin laifin iyayen, duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san inda aka saba jin goge da garaya, wajen 'yan bori da gidajen rawa, kuma ba uban da zai so a kira ɗansa ɗan goge ko maroƙi. Wannan tabon ya daɗe, ba ni zan goge shi da baki a rana ɗaya ba.

Bayan isha'i naje wajen mai unguwa, ya sa aka kira limamin masallacinmu da biyu daga cikin iyayen. Ban tsaya jayayya kan hukunci ba don ba fagena bane, nace Allah gafarta malam ni dai ga abin da muke yi, ƙofar zauren a buɗe take duk mai so ya shigo ya zauna ya gani da idonsa. Liman yace shi ra'ayinsa kan kayan kiɗa bai canza ba kuma bazai turo nasa yaran ba, amma ya gwammace ya ga yaro a zaure da babba a kansa da ya ganshi a bakin titi ko gidan kallon ƙwallo har dare. Mai unguwa ya gindaya sharuɗɗa kuma duk na karɓa: ba zuwa biki ko wani taro da yaran don a yi musu liƙi, ba waƙar roƙo ko ta batsa, mata su zauna ɓangarensu kuma a sallame su da wuri, in lokacin sallah yayi a ajiye komai, sannan duk yaron da malamin allonsa ko na boko ya kawo ƙararsa a dakatar dashi sai ya gyara. Nace ranka ya daɗe wannan na ƙarshen ma ni zai taimaka.

Ɗaya daga iyayen ya tambaye ni kai tsaye, to in ya iya me zai ci da shi? Nace masa Baba bazan maka alƙawarin kuɗi ba. Abin da na gani a aji shekara da shekaru shine yaranmu basu iya sauraro ba, kowa ihu yake don a ji shi, kuma ban san wani abu dake tilasta wa yaro yayi shiru ya ji ɗan'uwansa kamar wannan ba. Yayi shiru, bai ce eh ba bai ce a'a ba.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Biyu sun dawo, ɗaya da kakarsa ta rako shi ta zauna a bakin ƙofa har muka tashi. Uku basu dawo ba. Mu 13 kenan yanzu.

Lahadi, 1 ga Disamba

Mun je wajen wani tsoho mai goge a wani ƙauye ta hanyar Giwa, shi ya yi gogen da muka aro. Mai na babur zuwa da dawowa 4,000, lita ta haura dubu yanzu, sai goro da sukari da muka riƙe masa 2,500.

Baba ya zaunar damu a gindin bishiya ya warware mana goge gaba ɗaya. Ƙwarya ce rabi, a rufe ta da fatar guza a kafe da ƙusoshi, a huda rami a gefe don sauti ya fita, sanda ta ratsa ta. Tsirkiyar ba waya bace, tsagiya ce, gashin wutsiyar doki da yawa a haɗe wuri ɗaya, ita ma izgar tsagiya ce. Ɗan itacen da ke ɗaga tsirkiya daga kan fata shine jaki. Sai ƙaro da ake gogawa don izga ta kama, in babu shi sai dai ta zame ba sauti. Abokina ya fito da nasa ƙaron na kanti Baba ya shinshina ya gwada, yace yayi kyau amma nasa na daji ya fi kamawa da sanyi.

Yace fatar guza ta yi wuya yanzu kuma da tsada, don yara zai sa ta ɗan akuya, sautin bazai kai ba amma zata jure hannun yara. Mun yi ciniki ƙananan goge huɗu, girman kukuma, 11,000 kowanne, na bada rabi 22,000. Yace sai bayan sati huɗu saboda tsagiya sai ya aika wajen masu dawaki a birni, kuma ba kowace wutsiya ke yi ba.

Da zamu tafi yace rabon da wani yaro yazo yace a koya masa har ya manta, 'ya'yansa ma ba wanda ya ɗauka, ɗaya na acaba ɗaya na Abuja. Nace Baba ko zaka riƙa zuwa mana ko sau ɗaya a wata, yace in za a kawo shi a maida shi zai zo.

Alhamis, 5 ga Disamba

Tsirkiya a sake, ba yatsa. Tsirkiyoyin bayolin biyu da ake kira D da A, dogon ja huɗu huɗu. An manna farin tef a izga don su san inda zasu tsaya.

Juma'a, 6 ga Disamba

Haka dai. Sanyi ya fara, yara da leɓe a fashe.

Juma'a, 13 ga Disamba

Hunturu ya mana ɓarna. Na buɗe jakar ƙaramin bayolin sai naga duk tsirkiyoyin sun saki, jaki ya faɗi, kuma in ka girgiza sai kaji wani abu na yawo a ciki. Da muka duba da fitilar waya sai ga tsaga siririya a fuskar katakon daga ƙasan ramin nan mai kama da harafin f ta gangara kusan tsawon yatsa. Abokina ya riƙe kai.

Ga yadda ya bayyana min. Busasshiyar iska tana tsotse danshin katako sai ya tsuke, maƙullan da ake murɗa tsirkiya dasu katako ne a cikin ramin katako ba wani abu ke riƙe su ba sai matsi, da sun tsuke sai su warware. Jakin bayolin kuma ba a manne yake ba, nauyin tsirkiya ne ke danne shi. Abin dake yawo a ciki wani ɗan ginshiƙi ne siriri da yake tsaye tsakanin fuska da baya, shima ba gam, matsi ne kawai, da tsirkiya ta saki sai ya kwanta. Kuma in aka ɗaure tsirkiya babu shi fuskar na iya burmawa. Wato kayan an yi su ne don ƙasar da iskarta ke da laima, mu kuma nan daga Disamba zuwa Fabrairu ko littafi ka ajiye sai bangonsa ya lanƙwashe.

Mun kai wa wani kafinta a Sabon Gari mai gyaran jita, hannunsa har ya kai kan gam ɗin nan mai kamawa nan take abokina ya tare shi. Yace irin wannan kaya da gam ɗin fata ake haɗa su, wanda ake narkawa da ruwan zafi, saboda gobe in ana son buɗewa a gyara zai saki, shi kuwa wancan in ya shiga tsagar shikenan an kashe wajen. Kafintan mutumin kirki ne bai ji haushi ba, yace ya san shi, tsofaffin kafintoci na amfani dashi da, zai nemo. Mun bar kayan a wajensa.

Yara sun koma kan kwali da kuntigi. Ƙaramar cikinsu ta yi kuka don ranar layinta ne.

Alhamis, 19 ga Disamba

An karɓo bayolin. Tsagar ta kama, ginshiƙin kuma su biyu suka tayar dashi da lanƙwasasshiyar waya ta cikin ramin, ya ci musu yamma guda. Kuɗin aiki da gam 9,000. Sautin ya ɗan dushe amma yana yi.

Maganin da muka ɗauka: soso a jiƙa a matse sosai a sa a robar sabulu mai huji a ajiye cikin jaka, kar ya taɓa katakon, a sake jiƙawa kullum. Jakunkunan kuma sun koma ɗakin da randa take, nesa da taga. An shafa wa maƙullan alli don su daina zamewa.

Juma'a, 20 ga Disamba

Tsirkiyar E ta tsinke garin ɗaurewa. Na zaga PZ da Sabon Gari babu, sai na jita. Wani shago a Kaduna yace saiti ɗaya 8,500 kuma basa sayar da guda, da dala sama da 1,600 ba abin mamaki bane. Abokina yace a Kinshasa akwai ƙungiyar makaɗan da Armand Diangienda ya kafa a 1994, lokacin da basu da tsirkiya wayar birkin keke suke sawa. Muka je wajen mai gyaran keke ya bamu tsohuwa kyauta, muka warware sili ɗaya muka ɗaura. Tana yi, sautin da kaifi kuma tana cin yatsa, amma dama yaran basu kai kan E ba tukuna, amfaninta yanzu ta riƙe jaki daidai.

Alhamis, 26 ga Disamba

Ba darasi, abokina na hidimar Kirsimeti. Na zauna na yi lissafi: zuwa yau 97,700 ta fita. A ciki 30,000 wata 'yar'uwata ce ta bayar, 15,000 abokan aiki suka haɗa, saura daga albashina. Ba a karɓar ko sisi wajen yara kuma bana niyyar fara karɓa, ranar da aka ce a kawo ko naira 200 rabinsu bazasu sake zuwa ba.

Juma'a, 3 ga Janairu 2025

An dawo. Hutu ya cinye riƙon izga, an koma baya kamar sati biyu.

Alhamis, 9 ga Janairu

Goge huɗu sun iso kuma Baba da kansa ya kawo su, na cika masa 22,000 da kuɗin mota 3,000. Yau zauren ya cika har da manya a tsaye a waje.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina bambancin hannun hagu. A bayolin danne tsirkiya kake har ta taɓa katako. A goge tsirkiyar a sama take bata taɓa sandar sam, yatsu taɓa ta kawai suke yi, kuma duk waƙar a tsirkiya ɗaya take fita. Babu tef babu alama, kunne ne kawai. Baba baya bayani, zai ja gajeren layi ya kalli yaro, yaro ya maimaita, in bai yi ba ya sake ja masa har sai ya yi. Abokina yace min a hankali ai wannan shine abin da Suzuki ya gina tsarinsa a kai, yaro ya koyi kiɗa da ji kamar yadda ya koyi maganar uwarsa kafin ya san harafi, mu muna da shi a gida tuntuni.

Wahalar ita ce haɗa su. Bayolin muna saita tsirkiyar A ɗinsa a kan tsayayyen ma'aunin sauti, 440, da manhajar waya, shi kuwa goge inda makaɗi yaga ya dace da muryarsa nan yake tsayawa, kuma fata na canzawa da yanayi, da rana ta ɗaure da yamma ta saki. Baba ya shanya su a rana na ɗan lokaci, ya matsa jaki, ya ja ɗauri, har muka samu uku suka zauna kusa da D. Na huɗun ya ƙi, yana ƙasa kaɗan, mun barshi na koyon mutum ɗaya.

Mun yanke cewa duk abin da za a kaɗa tare a kan muryoyi biyar zai tsaya, do re mi so la, don yawancin waƙoƙinmu na gaɗa da na reno a kansu suke tafiya kuma yaran sun riga sun haddace su tun a bayan uwa.

Juma'a, 10 ga Janairu

Yatsa na farko da na biyu a kan D. Masu goge sun riga masu bayolin fitar da waƙa, abin ya ba masu bayolin haushi.

Alhamis, 16 ga Janairu

Gwajin farko na mutum huɗu: goge biyu, bayolin biyu. Waƙar gaɗa ce da matan suka zaɓa. Goge ɗaya ya bada waƙa, na biyu yayi amshi, ƙaramin bayolin ya riƙe dogon D a ƙasa, babban kuma ya riƙa tsinkar tsirkiya da yatsa a madadin tafi.

Ya watse tun kafin a kai tsakiya, aka sake ya kuma watsewa. Kowa kansa a ƙasa yana kallon yatsunsa, mai bada waƙa yana gudu, mai amshi na shigowa kafin a gama, mai dogon D ya gaji ya tsaya yana kallon waje. Hannuna har ƙaiƙayi yake in tafa musu amma mun yi alƙawari da abokina ba mai tafawa, don in muka fara su zasu riƙa binmu ne ba juna ba.

Kakar nan da ke rako jikanta ita ta warware mana. Daga bakin ƙofa tace ku baku taɓa ganin lugude bane, mata uku a turmi ɗaya, wace ce ke kallon taɓaryarta? Ta 'yar'uwarki kike ji, in ta ɗaga ki sauke. Matan suka kwashe da dariya don sun gane nan take. Muka sa su ajiye kaya suka yi da tafi, ɗaya ta buga ɗaya ta amsa, sannan aka juya musu zama suka fuskanci juna gwiwa da gwiwa. Abokina ya nuna wa mai farawa ta ja numfashi a fili ta ɗaga kai kaɗan kafin ta ja izga, sauran su shiga a kan numfashin nan. Kafin magariba sun kai ƙarshen baiti ɗaya tare. Nace Iya Allah ya saka da alheri, tace ita dai a ci gaba da haƙuri da su.

Juma'a, 17 ga Janairu

Rukuni uku yanzu, huɗu huɗu, ɗaya na jiran gurbi yana juyawa. Saiti na tsirkiya ya iso daga Kaduna, 8,500 da kuɗin direba 1,000, an cire wayar keke.

Juma'a, 24 ga Janairu

Yarinyar da ke bada waƙa a rukunin farko bata zo jiya ba bata zo yau ba. Ita ce mafi kunne a cikinsu duka, shekararta 11, in Baba ya ja layi sau ɗaya ta ɗauke. Na tura matata gidansu don ni bai dace in shiga ba. Ashe babarta ce ta fara awara da yamma kuma yarinyar ce mai kaiwa bakin titi, uban ya rasu bara, cinikin yammar nan shine abincin darensu. Uwar tace wa matata ita bata ƙi ba, yarinyar har a barci tana motsa yatsu, amma wa zai ɗauki bokitin?

Na kwana ina juya abin. Bana son in biya uwa don ta bar 'yarta ta zo, gobe kowa zai ce a biya shi kuma bani da shi. Abin da muka daidaita a kai shine ranar Alhamis da Juma'a zamu sayi awarar 1,500 a wajenta a raba wa yaran in an tashi, dama da yunwa suke zuwa daga boko, ita kuma yarinyar ta zo na awa ɗaya ta tafi da sauran awarar kafin biyar da rabi. Wato 3,000 a sati ta ƙaru a kaina. Ban san ko zan iya ɗauka har bayan sallah ba amma na wannan watan da mai zuwa na ware.

Irin wannan ne yasa in naji ana kawo misalin Benezuwela nake cewa a bi a hankali. Gaskiya ne José Antonio Abreu ya fara shirin koya wa yara kiɗa a can a 1975 da matasa 11 a garejin mota, amma gwamnati ce ta ɗauki nauyin abin daga baya da kuɗin mai. Wanda ya fi kusa da mu Buskaid ne, makarantar koya wa yara bayolin a Soweto ta Afirka ta Kudu, da Rosemary Nalden ta kafa a 1997, shima da gudummawar mutane daga waje ya tsaya. A Legas akwai ƙungiyar kiɗa ta MUSON tun 1983 da makarantarta a Onikan. Mu nan abin da muke da shi zaure ne da albashin malamin firamare, don haka lissafin awara ma dole ya shiga littafi.

Alhamis, 30 ga Janairu

Ta dawo. An ƙara baiti na biyu.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Baba ya zo. Izga ɗaya ta zube, yaro ya taɓa tsagiyar da hannun mai bayan cin awara, ƙaro ya ƙi kamawa. Baba ya wanke ta da sabulu ya shanya. Sabuwar doka: awara sai an rufe jakunkuna, kuma a wanke hannu kafin a taɓa kaya. An dakatar da yaro ɗaya sati guda, malamin allonsa ya kawo ƙara.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Maimaici. Rukuni na biyu har yanzu gudu suke in sun kusa ƙarshe. Na uku basu shirya ba, zasu yi da kuntigi da tafi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mun kira iyaye bayan la'asar, a zauren da ƙofar gida, ba lasifika ba liƙi kamar yadda aka yi sharaɗi. Hayar benci 3,000, zoɓo 4,000. Mata sun fi yawa, maza kamar bakwai, mai unguwa ya zo, liman bai zo ba amma ya aiko a gaishe mu.

Rukunin farko suka yi waƙar gaɗar da wata ta reno. A tsakiyar ta biyun tsagiyar mai amshi ta saki, sautin ya faɗi ƙasa, naga idonsa ya cika da hawaye. Yarinyar nan bata tsaya ba, ta kalle shi ta rage gudu ta maimaita layinta sau biyu har ya matsa jakinsa ya dawo, masu bayolin suka bi ta ba wanda ya ce musu komai. Yawancin mutane basu ma lura ba, abokina ne ya damƙe min hannu. Tun Nuwamba abin da nake ta ƙoƙarin faɗa wa iyaye kenan na kasa.

Uban nan da ya tambaye ni me za a ci da shi yana nan a tsaye a baya. Da aka tashi yace min Malam ga ƙanen yaron nawa, daga shekara nawa ake ɗauka. Nace bakwai, yace to sai baɗi.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Darasi na ƙarshe kafin azumi, ana sa ran ganin wata gobe. Mun rufe sai sati biyu bayan ƙaramar sallah. Jimlar kashe kuɗi tun farko ta haura 150,000, gudummawa 45,000 ce har yanzu.

Goge huɗu da bayolin biyu zasu zauna a wajena, ana ci gaba da jiƙa soso har ruwan farko ya sauka, daga nan kuma matsalar zata juya, laima ce zata sa fatar goge ta saki maƙullai su kumbura, Baba yace a nemi buhun leda mai kauri da wajen rataya nesa da bango. Kuntigi kowa ya tafi da nasa gida.

Bayan sallah abu uku ne a gaba. Muna buƙatar murya ta ƙasa, selo ya fi ƙarfinmu, don haka kafintan Sabon Gari zai gwada haɗa babban goge da ƙwaryar fura mafi girma da tsirkiyar jita mai kauri, yace 15,000 zuwa 20,000. Na biyu bayolin mai girman 1/4 don ƙananan, hannunsu baya kaiwa a 1/2 ɗin. Na uku yara 9 ne a jerin masu jira kuma zauren bazai ɗauke su duka ba, zan je in ga shugabar wata makaranta a Gyallesu da aka ce tana da aji a rufe ranar Alhamis da yamma, in ta yarda sai a san yadda za a yi da kuɗin Keke Napep na kai yaran da dawo dasu.